Jagorar Ɗalibi: Yadda Ake Gano Sassan DNA da Ba Su Sauyawa Tsakanin Gero da Danginsa

Duk wanda ya yi noman gero a tudun Burkusuma, ko Gatawa, ko Bafarawa ta ƙasar Isa, ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ba a ganinta sai ta yi nisa da ɓarna, domin tana manne da saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa, tana zuƙe ruwansa da abincinsa makonni kafin furenta ya bayyana. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, suna iya kwanciya a gona fiye da shekara 10, kuma ba su tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar gero ko ta dawa ke fitarwa, wanda masana ke kira sitirigolakton. Umarnin haɗa wannan sinadari a rubuce yake cikin DNA ɗin shukar. Mai son fitar da irin da zai jure wa wuta-wuta dole ya san inda umarnin yake, kuma hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce kwatanta DNA ɗin gero da na danginsa da aka fi bincika, a nemo sassan da suka yi tarayya a kai.

An rubuta wannan jagora domin ɗalibin aikin gona ko na ilmin halittu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato yake ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Manhajojin da za ka yi aiki da su duk kyauta ne, bayanan ma kyauta ne. Abin da ake nema daga gare ka shi ne kwamfuta, da ɗan data, da natsuwa.

Abin da ake nema, da dalilin nemansa

DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Jimillar rubutun da ke cikin halitta ɗaya shi ne kundin gadonta, kuma a cikin kundin akwai ƙwayoyin gado, kowace ɗauke da umarnin haɗa wani furotin ko gudanar da wani aiki. Kundin gero, wanda cibiyar ICRISAT ta jagoranci karanta shi aka wallafa a 2017, yana da haruffa kusan biliyan 1.8 a kan kuromosom 7, da ƙwayoyin gado sama da 38,000. Na dawa ya fito a 2009, haruffa kimanin miliyan 730 a kan kuromosom 10. Na shinkafa ya riga su, tun 2005, kuma bai kai miliyan 400 ba. Na masara ya zarce biliyan 2.

A kowane zamani ana kwafar wannan rubutu daga uwa zuwa 'ya'ya, kuma kwafi ba ya rasa kuskure. Ka ɗauki misalin littafin da almajirai suka yi ta kwafa da hannu shekara da shekaru. Kuskuren da ya faɗa a adon gefen shafi ba wanda zai damu da shi, haka zai yi ta bin kwafi bayan kwafi. Wanda ya faɗa a tsakiyar matani ya ɓata ma'ana kuwa, malam zai ajiye wannan kwafin gefe, ba za a sake kwafa daga gare shi ba. Idan ka tara kwafi goma daga garuruwa daban-daban ka gwama su, wuraren da duk suka yi daidai su ne wuraren da ba su karɓar kuskure. Haka abin yake a shuka: sauyin da ya taɓa wuri mai muhimmanci yakan raunana tsiron har ya kasa barin iri. Masana sun ƙiyasta cewa zuriyar shinkafa da ta dawa sun rabu kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce. Duk sashen da ya tsaya iri ɗaya a tsawon wannan zamani, akwai aikin da yake yi. Irin wannan sashe za mu riƙa kira tsayayyen yanki.

Amfaninsa iri uku ne. Yana nuna maka inda ƙwayar gadon da aka sani a shinkafa take a cikin gero. Yana ba ka wurin kafa firaima, wato gajerun jerin haruffan da ake fara gwajin PCR da su, ta yadda gwaji ɗaya zai yi aiki a kan gero da maiwa da shibra baki ɗaya. Sannan yana gargaɗinka game da wurin da bai kamata a taɓa shi da garaje ba.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 ta isa aikin ƙwayar gado ɗaya ko goma. Rumbunan bayanai uku za ka fi buƙata: NCBI na Amurka, da Ensembl Plants na Turai, da Phytozome. Manhajojin kuwa su ne BLAST, wadda ta fito tun 1990 domin neman jerin da suka yi kama. MAFFT ko Clustal Omega domin daidaita sahun jerin. Jalview domin kallon sakamako. Sai Primer-BLAST domin tsara firaima.

Duk suna aiki a intanet, amma ka sauke BLAST da MAFFT da Jalview a kwamfutarka, ka kuma ajiye fayilolin bayanai a filashi biyu. Mutanen Sabon Birni da Isa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Aikin da ya dogara kacokan kan intanet yana tsayawa ranar da sabis ya ɗauke.

Mataki na ɗaya: tsayar da tambaya

Kada ka buɗe manhaja kafin ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Tamu ga ta: ina ƙwayar gadon CCD8 take a gero, kuma waɗanne sassanta ne ba su sauya ba tsakanin gero da dawa da masara da shinkafa? Mun zaɓi CCD8 ne domin tana cikin matakan farko na haɗa sitirigolakton, kuma an bincike ta sosai a shinkafa, inda ake kiranta D10.

Mataki na biyu: zaɓen dangi

Nan ne da yawa ke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Idan ka kwatanta geron Burkusuma da na Tsibiri kawai, kusan komai zai fito iri ɗaya, ba don yana da muhimmanci ba, sai don ba su daɗe da rabuwa ba. Idan kuma ka kwatanta gero da wake, tazarar ta yi yawa, haruffan DNA ba za su jeru ba sai a 'yan wurare. Abin da ya dace shi ne haɗa na kusa da na nesa: Setaria italica, wadda ita ce makusanciyar gero cikin hatsin da aka fi bincika, sai dawa da masara a tsakiya, sai shinkafa daga nesa. Jinsi biyar zuwa goma sun wadatar.

Ka riƙe sunayen kimiyya, domin da su rumbunan ke aiki. Dawa ita ce Sorghum bicolor, masara Zea mays, shinkafa Oryza sativa. Gero yana da sunaye biyu, Pennisetum glaucum da Cenchrus americanus. Ka gwada duka biyun, in ba haka ba wasu bayanan za su wuce ka.

Mataki na uku: ɗauko jerin farko

Shiga NCBI, ka nemi CCD8 tare da Oryza sativa, ka sauke jerin furotin ɗinta a tsarin FASTA. Tsarin ba shi da wuya: layin farko yana farawa da alamar > sai suna, layukan da ke biye kuma haruffa ne zalla. Ka sa wa kowane jeri gajeren suna marar tazara, kamar shinkafa_CCD8, sannan ka rubuta lambar shaidarsa da ranar da ka sauke shi a littafin aikinka. Ana sabunta kundayen nan lokaci zuwa lokaci, kuma lambar ce kaɗai za ta ba wani damar maimaita aikinka.

Da furotin ake fara nema, ba da DNA ba. Dalilin zai bayyana a mataki na biyar.

Mataki na huɗu: nemo takwarorinta da BLAST

Nau'in BLAST da ke ɗaukar furotin ya bincika cikin DNA shi ne tblastn. A shafin NCBI, liƙa jerinka, ka zaɓi rumbun cikakkun kundaye, ka rubuta sunan jinsin da kake nufi. Idan a kwamfutarka za ka yi, sauke kundin gero, wanda ya kusa gigabait 2 idan an kwance shi, ka ba da umarni biyu:

makeblastdb -in gero.fa -dbtype nucl -out gero

tblastn -query shinkafa_CCD8.fa -db gero -evalue 1e-10 -outfmt 6 -out sakamako.txt

Lambobi uku za ka duba a sakamakon. Ta farko kason haruffan da suka yi daidai. Ta biyu yawan tsawon jerinka da aka samu takwararsa: daidaito na kashi 95 a kan ɗan guntu bai kai darajar kashi 75 a kan dukan furotin ba. Ta uku ita ce E, wadda ke faɗin sau nawa za a iya samun irin wannan kama bisa katari kawai a rumbu mai wannan girma. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon ƙarfin hujjarka. Kada ka yi mamaki idan sakamakon ya fito gunduwa-gunduwa a kan kuromosom ɗaya, kusa da juna: ƙwayar gado tana da sassan da ake karantawa, a tsakaninsu kuma akwai waɗanda ake tsallakewa, kuma bincike da furotin sassan da ake karantawa kaɗai yake gani.

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, domin kama da wane ba wane ba ne. CCD8 tana da 'yan gida ɗaya, irin su CCD7 da CCD1 da NCED, kowace da aikinta daban, kuma suna iya fitowa a sakamakonka. Maganin wannan shi ne gwajin komawa: ɗauki jerin geron da ya zo na ɗaya, ka mayar da shi ka bincika cikin shinkafa. Idan ya dawo da kai kan CCD8, ka samu takwarar gaskiya. Idan ya kai ka wani wuri, ajiye shi. Ka kuma sani cewa kundin masara ya taɓa ninkuwa gaba ɗaya a tarihinsa, don haka ƙwayar da take ɗaya a dawa takan zama biyu a masara.

Mataki na biyar: daidaita sahu

Tara duk jerin da ka tabbatar a fayil ɗaya, ka ba MAFFT:

mafft --auto duka.fa > jere.fa

Manhajar za ta jera su layi a kan layi, tana saka gibi inda wani jinsi ya rasa haruffa ko ya ƙara, har kowane harafi ya tsaya a ƙarƙashin takwaransa. Ka yi wannan sau biyu, ɗaya da furotin, ɗaya da DNA. Ga ɗan misali da aka tsara don koyarwa kawai, ba daga wata ƙwayar gado aka ciro shi ba:

gero      ATG GCT GAC TTC CGC TGG AAG
dawa      ATG GCC GAC TTC CGG TGG AAG
masara    ATG GCC GAT TTC CGG TGG AAA
shinkafa  ATG GCG GAC TTT CGC TGG AAG

Ka bi shi daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Cikin ginshiƙai 21, guda 16 ba su sauya ba, guda 5 sun sauya. Yanzu ka lura da inda biyar ɗin suka faɗa: dukansu a harafi na uku ne. Ana karanta DNA uku-uku, kowane uku yana nufin tubali ɗaya na furotin, kuma sau da yawa sauya na ukun ba ya sauya tubalin. GCT da GCC da GCG duk abu ɗaya suke nufi. Saboda haka waɗannan layuka huɗu, duk da bambancinsu, furotin iri ɗaya suke haɗawa. Wannan ne ya sa furotin ya fi DNA riƙe kamanni tsakanin dangi na nesa, kuma shi ya sa muka fara nema da shi. ATG da TGG kuwa ba su da madadi, shi ya sa suka tsaya cak.

Mataki na shida: ware tsayayyun yankuna

Buɗe jere.fa a Jalview, ka sa launi bisa kason daidaito. Ginshiƙan da duk jinsunan suka yi tarayya za su yi duhu, masu sauyawa su yi haske. A Clustal Omega tauraro ne ake sakawa a ƙarƙashin ginshiƙin da bai sauya ba. Abin da kake nema shi ne jerin duhu mai tsawo, ba ɗigo ɗaya nan ɗaya can ba. Ka tsayar da ƙa'idarka kafin ka duba, misali haruffa 20 a jere da daidaiton da bai gaza kashi 90 ba, ba tare da gibi ba. Wanda ya ga sakamako sannan ya yanka ƙa'ida daidai da shi yaudarar kansa yake yi.

Rubuta inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare, tare da sunan jerin da ka ƙirga a kansa. Idan ka ga layi ɗaya ya bambanta da sauran ƙwarai a wani wuri, kada ka yi saurin cewa ka gano sabon abu. Galibi kuskuren karatun kundi ne, ko an yanke iyakar ƙwayar gadon ba daidai ba.

Mataki na bakwai: tsara firaima

Dabarar ita ce a kafa firaima biyu a kan tsayayyun yankuna biyu, a bar yanki mai sauyawa a tsakaninsu. Tsayayyun su ne ke sa gwajin ya kama a kowane iri, mai sauyawan kuma shi ke bambanta irin wannan gari da na wancan. Sassan da ake tsallakewa sun fi saurin sauyawa, don haka suna da kyau a tsakiya.

Firaima ta gari tana da haruffa 18 zuwa 24, G da C su kasance kashi 40 zuwa 60, zafin narkewar biyun ya kusanci juna, wajen digiri 60. Ƙarshenta, inda kwafi ke farawa, shi ne mafi muhimmanci: kada ya faɗa kan harafi na uku mai sauyawa. Bayan haka ka saka su a Primer-BLAST domin ka tabbatar ba su kama wani wuri daban a kundin. Kada ka kashe kuɗin sayen firaima kafin wannan bincike.

Idan kundi sukutum ake son kwatantawa

MAFFT ba ta ɗaukar haruffa biliyan. Kundi biyu ana gwama su da MUMmer ko minimap2, a zana sakamakon a matsayin ɗigogi: layi miƙaƙƙe yana nuna tsari bai sauya ba, layin da ya juya yana nuna wani yanki ya kifa, gibi kuma yana nuna ɓataccen sashe. MCScanX tana nuna rukunin ƙwayoyin gado da suka zauna a jere ɗaya a jinsuna daban-daban. Kundaye masu yawa kuwa Cactus ke jera su, sannan phastCons ta ba kowane harafi maki daga 0 zuwa 1 gwargwadon tsayuwarsa. Waɗannan sun fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta. Ka buɗe asusu a Galaxy, inda ake gudanar da manhajoji da dama kyauta a manyan kwamfutoci, kai kuma kana ba da umarni daga burauza.

Kafin wannan aiki sai an rufe maimaitattun sassa da manhaja irin RepeatMasker. Fiye da kashi uku cikin huɗu na kundin gero maimaici ne, kuma idan ba a rufe shi ba zai cika maka sakamako da kamannin banza.

Irin wannan gwami ya riga ya haifar da ɗa mai ido. A 2017 tawagar Farfesa Gebisa Ejeta ta Jami'ar Purdue ta nuna cewa dawar da ta rasa ƙwayar gadon LGS1 tana fitar da wani nau'in sitirigolakton da ba ya tayar da wuta-wuta sosai. A 2024 masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya sun gwama kundin gero iri biyu, mai juriya da marar juriya, suka gano cewa mai juriyar ya rasa wani sashe da ke ɗauke da ƙwayar gadon CLAMT1b. Ka lura da darasin: a duka biyun nau'in sinadarin ne ya sauya, ba a kashe shi gaba ɗaya ba. Shinkafar da CCD8 ɗinta ta lalace takan gajarce ta yi 'ya'ya barkatai, domin sinadarin nan shi ke daidaita rassa, shi ne kuma ke kiran wasu halittun ƙasa masu taimaka wa saiwa samun abinci. Tsayuwar CCD8 a duk dangin hatsi ita ce alamar cewa shuka ba ta iya rabuwa da ita cikin sauƙi.

Iyakar abin da manhaja ke faɗa

Tsayuwar yanki alama ce, ba hukunci ba. A 2004 an gano sassa 481 masu haruffa 200 ko fiye da suke iri ɗaya sak a mutum da nau'in ɓera biyu. A 2007 aka cire huɗu daga cikinsu a jikin ɓeraye, suka rayu suka hayayyafa. Don haka abin da kwamfuta ta nuna sai an kai shi ɗakin gwaji, daga nan a kai shi gona.

Dogaro da yankin da ba tsayayye ba kuma yana da nasa haɗarin. Misali, yawancin kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa furotin HRP2 suke nema. A 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da suka rasa ƙwayar gadon wannan furotin a Peru, daga baya matsalar ta yi tsanani a Eritiriya har ƙasar ta sauya kayan gwajinta. Gwajin PCR da aka kafa a kan ƙwayar gadon 18S, wadda ƙwayar cutar ba ta rayuwa sai da ita, bai gamu da wannan cikas ba. Matakan nan bakwai su ne dai za ka bi ko a kan zazzaɓi kake aiki, ko wake, ko jar akuyar Sakkwato da Maraɗi.

Gero ɗan Afirka ta Yamma ne, an fi shekara 4,000 ana nomansa a yankin Sahel, kuma irin da manoman Gobir suka gada suna zaɓa damina bayan damina dukiya ce da rashin tsaro ke barazanar salwantarwa duk lokacin da aka tashi ƙauye ko aka ƙone rumbu. Ɗalibi ɗan wannan yanki ya fi kowa sanin wane iri ne ke nuna da wuri, wane ne ke tsayawa a gonar da wuta-wuta ta mamaye. Ka fara da ƙwayar gado ɗaya a wannan mako, ka bi matakan har ƙarshe, ka rubuta komai. Sannan ka kai sakamakonka ga malaminka, ko ga masu bincike a Samaru ta Zariya, ko ofishin ICRISAT na Kano, ko cibiyar INRAN ta Maraɗi, tare da sunayen irin garinku da bayanin da manoma suka ba ka a kansu. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.